Sabon Sirdin Ambrose da Gonar Tuffar Hester

Wanaaring, Yuli 1912

'Yar'uwata Hester,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya sanyin Batlow, yaya kuma hannuwan naki? Ni lafiyata ƙalau in ban da gajiya, ita kuwa mun saba da juna.

Mun gama askin tumaki a rumfar farko ranar Asabar. Gashin tumakin bana duk yashi ne, kafin ka gama da ɗaya almakashi ya dakushe. Bayana ya fara tuna mini cewa na haura hamsin. Samarin rumfa Tsoho suke kirana, har da Dinny Mulqueen abokin tafiyata, wanda shi ma furfura ta cika masa gemu. Ya ga ina rubutu ya tambaye ni wace ce Hester. Na ce 'yar'uwa ce, kakata da kakarta ciki ɗaya suka fito. Ya ce irin wannan dangantaka sai an hau tsani ake hango ta.

Gobe za mu hau kekunanmu mu yi arewa, mu bi ta Hungerford mu tsallaka Queensland. Rumfa ta gaba tana can bayan Thargomindah, kuma kin san dokarsu: ranar kiran suna wanda bai amsa ba, an ba wani gurbinsa. An ce hanyar yashi ce da ƙaya, rabi a hau rabi a tura. Tsohon sirdina da muka shekara goma tare ya karye a Bourke, dole na sayi sabo, na haɗa da sabon wandon aiki mai kauri. Sirdin bai san ni ba tukuna, ni ma ban san shi ba.

Maganar da na yi miki ranar da muka binne Goggo Bridget tana nan. Bana ce shekarata ta ƙarshe a kan hanya. Idan an rufe rumfuna zan zo in zauna, in kama miki aikin gonar tuffa, ki huta da hawa tsani. Ki aiko amsa gidan waya na Thargomindah.

Ɗan'uwanki,
Ambrose Keogh

*

Batlow, Agusta 1912

Ɗan'uwana Ambrose,

Na samu takardarka, na kuma ji daɗin jin kana lafiya. Mu nan ƙanƙara ta sauka sau biyu. Hannuwana da safe ba sa buɗewa sai na tsoma su a ruwan ɗumi. Ka gaida Dinny, ka ce masa tsanin yana nan jingine a bayan ɗaki, ba mai hawansa.

Ban iya datse rassan tuffa bana ba. Na yi layi ɗaya, wuƙar ta faɗi daga hannuna, na zauna a ƙasa ina kallonta. Tun rasuwar mijina Jabez nake lallaɓa gonar nan ni kaɗai, amma bana ta fi ƙarfina.

Maƙwabcina Mista Lindner ya sake zuwa. Mutumin kirki ne, ba ya matsa mini da baki, sai dai ya tsaya a ƙofa yana juya hula a hannu. Babban ɗansa zai yi aure, yana so ya saya masa gonar ya haɗa da tasu. Ya ce yana bukatar amsa kafin itatuwa su yi fure, in ba haka ba zai nemi wani fili a Tumut. Na ce masa akwai ɗan'uwana da zai zo. Ya tambaye ni, cikin ladabi, ko wannan ɗan'uwan ya taɓa shekara guda a wuri ɗaya.

Don haka nake tambayarka kai tsaye, Ambrose. Maganar da mutum ya yi a bakin kabari ba a riƙe shi da ita, kowa zuciyarsa a karye take ranar. Ka shekara talatin a kan hanya. Za ka iya zama? In za ka iya, zan sallami Mista Lindner in jira ka, ko da itatuwan za su yi daji. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini, ba zan ga laifinka ba. Na gaji da kwana da shawara biyu.

'Yar'uwarka,
Hester Pascoe

*

Wani masauki a arewa da Hungerford, Agusta 1912

Hester,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, da fensir nake yi kuma a tsaye.

Zama ya gagare ni, Hester. Na gwada ta kowace fuska, abin ya ƙi. Na ɗauka da haƙuri zan saba, ashe ba haka ba ne. Dalilin ba abin da namiji zai rubuta wa mace ba ne, don haka kada ki tambaye ni.

Dinny ya wuce, ni na tsaya a nan. Mai masaukin, Misis Gallard, bazawara ce, tana kula da ni fiye da yadda na cancanta. Ban san ranar da zan bar nan ba. Duk lissafin da na yi miki a takardar baya ya rushe, kada ki dogara da shi.

Mai keken dokin wasiƙu yana jira.

Ambrose

*

Batlow, Satumba 1912

Ambrose,

Ina fatan kana lafiya. Ni ina nan yadda ka sani.

Amsarka ta iso, kuma na gode da ba ka ja ni da nisa ba. Na ce ba zan ga laifinka ba, ina ƙoƙarin cika alkawari. Dalilin da ka ce kada in tambaya, ba zan tambaya ba. Ni ba yarinya ba ce. Ka gaida Misis Gallard, Allah ya saka mata da kulawar da take yi maka.

Na karanta takardar a tsaye a gidan waya, na biya ta gidan Mista Lindner kafin in koma gida, don na san in na kwana zan sake tunani. Ranar Talata muka je Tumut gaban lauya na sa hannu. Gonar ta zama tasu. Ya bar mini gidan har a gama tsinkar tuffa a watan Maris, daga nan zan ga inda zan nufa. Matar fasto ta ce akwai ɗaki a bayan shagon ɗinki a Tumut.

'Ya'yansa sun shigo da wuƙaƙe sun datse rassan duka cikin 'yan kwanaki. Aikin ya yi kyau. Na tsaya ta taga ina kallonsu, na rasa ko daɗi nake ji ko baƙin ciki. Wataƙila gajiya ce kawai.

Akwai akwatinka da ka bari a nan shekarun baya. Ka faɗi inda za a aika maka da shi. Ban san adireshin masaukinka ba, don haka Thargomindah zan aika wannan ma.

Hester

*

Asibiti, Cunnamulla, Oktoba 1912

'Yar'uwata Hester,

Ina gaishe ki. Ki ce ina samun sauƙi, haka likita ya ce. A kife nake rubutun nan, rub da ciki, takarda a kan matashi.

Jiya takardunki biyu suka iso tare, a ɗaure da zare ɗaya. Suna Thargomindah duk tsawon lokacin nan, ni kuwa ban taɓa isa can ba, sai da Dinny ya gama aiki ya shiga gari ya karɓo ya turo mini. Na karanta ta farko, na karanta ta biyu, na tuna abin da na rubuta miki a tsakaninsu. Sai da na daɗe fuskata a cikin matashi. Ban ga tambayarki ba lokacin da na yi waccan takarda, Hester. Ba amsa ba ce.

Yanzu zan ajiye kunya, tunda ta riga ta ci abin da za ta ci. Zaman da ya gagare ni, zama ne na mazaunai. Sirdi ne ya cinye ni.

Daga Wanaaring abin ya fara. Sabon wandon nan ɗinkinsa kauri gare shi kamar igiya, kuma daidai inda nake haɗuwa da sirdi ya bi. Ranar farko zafi-zafi kawai, kamar an goga barkono. Ga gumi, ga yashi yana shiga ko'ina. Ruwan da muke ɗauke da shi na sha ne, ba na wanka ba, don haka da wandon nake yini da shi nake kwana. Kafin Hungerford fata ta saɓule a matsematsina. Bayan Hungerford maruru ya fito, ɗaya, sannan uku, kaluluwa ta taso.

Dinny ya ga ina tuƙi a tsaye kan feda kamar mai leƙen katanga, ya gane. Ya ce maganin da ya sani shi ne a yanka ɗanyen naman tunkiya a shimfiɗa a cikin wando. Na yi. Abin da na samu shi ne ƙudaje da karnukan wani makiyayi da suka raka ni har faɗuwar rana. Makiyayin kuma ya rantse kananzir ne maganin. Na shafa. Hester, na ga taurari da tsakar rana.

Daga nan gwiwoyina suka ƙi tuƙin tsaye, na koma tura keke, ƙafafu a buɗe kamar agwagwa. Da ƙyar muka kai masaukin. Washegari Dinny ya ɗaure bargonsa a keke, ya tsaya yana ta gyara igiyar da ba ta bukatar gyara.

Ya ce, "Tsoho, in na tsaya, mu biyu za mu rasa gurbi."

Na ce, "Wa ya ce ka tsaya? Kama hanya."

"Zan ce musu doki ne ya harbe ka. Ya fi daɗin faɗa."

Ya tafi, gurbina kuma aka ba wani yaro daga Charleville.

Misis Gallard da kike gaisarwa ta haura saba'in, lofe take sha, haƙoranta ba su kai a ƙirga ba. Ta tambaye ni ina ke ciwo, na ce ƙafa. Ta yi mako biyu tana shafa mini man zafi a ƙafar da ba abin da ya same ta, ni kuma ina godiya. Zazzaɓi ya rufe ni har na daina gane mutane. Wani mai amalanken shanu da ke kai gashin tumaki tashar jirgin ƙasa ne ya ɗaga bargo ya duba, ya ce wannan in ya ƙara kwana uku a nan sai dai a haƙa rami. Ya ɗora ni a kife a kan buhunan gashi, kekena a gefe, haka na shigo Cunnamulla.

Likita ya tsaga, ya fitar da mugunyar da ba zan kwatanta miki ba. Ya ce dafin ya kusa shiga jini. Babbar nas ɗin nan kullum sai ta yi mini faɗa, ta ce ta ga maza da yawa da kunya ta kusa kashewa, amma ni ne na fi su ƙoƙari.

Duk wannan da sauƙi. Gonar ce ke hana ni barci. Da na rubuta kalma ɗaya tak a fili, da tana hannunki. Tambayar da kika yi, ga amsarta a makare: zan iya, kuma da niyyar haka na kwana na tashi tun ranar jana'izar. Ki gaya mini ko akwai abin da za a iya yi.

Ambrose

*

Batlow, ƙarshen Oktoba 1912

Ɗan'uwana Ambrose,

Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Ni ina nan, ɗumi ya fara shigowa, hannuwan sun ɗan saki.

Na karanta takardarka na yi dariya a wurin karnuka har na yi tari, sannan na yi kuka, sannan na ji haushinka ƙwarai. Haushin bai gama wucewa ba. Na kuma ji haushin kaina. Ka rubuta mini sabon sirdi da sabon wando a layi ɗaya, ni da na san abin da hakan ke haifarwa, amma hankalina yana kan gona ban ce maka komai ba.

Ka manta wa na aura? Jabez ya shekara goma sha ɗaya yana sintiri a kan keke, yana duba dogon shingen da ke hana zomaye shiga gonaki. Wa kake tsammani ke wanke masa, ke gasa masa, ke ɗinka masa? Abin da ka ce namiji ba ya rubuta wa mace, mace ce ta saba ganinsa.

Na je wurin Mista Lindner. Na gaya masa gaskiya duka, har da inda ciwon yake, kunnuwansa suka yi ja. Bai yi dariya ba. Ya kai ni bayan gonar ya nuna mini harsashin ɗakin da ɗansa ya fara, da katakon da aka sauke. An sa ranar aure. Ya ce, "Misis Pascoe, da makonni biyu ne da suka wuce ma da wuya, balle yanzu. In na mayar miki, me zan ce wa yarinyar da iyayenta?" Na ce ba zai ce musu komai ba, ni ce na zo da kaina na sayar, ba wanda ya tilasta ni. Muka yi sallama lafiya. Gonar ta tafi, Ambrose. Itatuwan sun yi fure bana kamar ba su taɓa yi ba, sai dai ba nawa ba ne. Kada ka sake tambayata ko akwai abin yi, na gaji da juya maganar.

Ga ƙunshi nan tare da takardar. Wanduna biyu ne na ciki na yadi mai laushi, na ɗinka su yadda nake yi wa Jabez, ɗinkin ya bi ta gefe, ba komai a tsakiya sai fatar ɗan akuya da aka jeme. Yatsuna sun sha wuya a kansu, don haka ka sa su. Ɗaya a jiki, ɗaya a wanke a ɗaure a kan kaya iska ta busar da shi. Duk yamma in ka sauka, kafin shayi, kafin komai, ka cire wanda ka yini da shi ka wanke jikinka, ko da da rabin kofin ruwa ne da tsumma, ka bushe sarai. Ƙishirwa kaɗan ba ta kai maruru ba. Kada ka sake kwana da wandon da ka yi tuƙi da shi.

Gwangwanin kuma maiƙon gashin tumaki ne da aka tace. Abin takaici, shekara talatin hannunka na cikinsa. Ka shafa da safe kafin ka hau, duk inda fata ke gogar fata ko yadi, ba sai ya fara zafi ba. Ranar da ka ji wuri ya yi ja, ranar za ka tsaya, ba gobe ba. In ƙurji ya fito, ka gasa shi da ruwan gishiri mai ɗumi, kada ka matse.

Sirdin ma ba shi da laifi sosai. Sabuwar fata ce, sai an sha mata mai ta ƙasa an hau ta kaɗan-kaɗan kafin ta karɓi mutum. Ka duba kada hancinsa ya ɗaga sama, kuma in kana rangaji hagu da dama kafin ƙafarka ta kai feda, ya yi tsawo, ka sauke shi. Jabez kan miƙe a kan feda lokaci-lokaci tun kafin ya gaji, don iska ta shiga.

Amma duk wannan sai ka warke. Kada ka kusanci keken nan sai nas ɗin ta yarda, na ga alama ita ce mai hankali a cikinku.

Ban san abin da zan ce ka zo ka yi a nan ba yanzu. Ba gona, gidan ma na 'yan watanni ne. In akwai sauran rumfuna a kudu, ka nema.

Hester

*

Bourke, Disamba 1912

'Yar'uwata Hester,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ni na warke, sai tabo da rama.

An sallame ni, na hau keke daga Cunnamulla zuwa nan. Tafiyar da a da nake yi a 'yan kwanaki ta ɗauke ni kusan ninki biyu, don da sassafe nake tuƙi, rana ta yi zafi in nemi inuwa. Na bi duk abin da kika ce. Wani maraice wasu masu raƙuma suka same ni a bakin magudanar rijiyar burtsatse ina wanke wando kafin in hura wuta, suka tsaya suna kallona kamar sun ga sabon abu. Ko ja fatar ba ta yi ba. Amma ƙarfin babu, Hester. Tudun da a da ban san da shi ba yanzu sai na sauka.

Na tarar da Dinny a nan. Ya samo mana gurbi biyu a wata rumfa ta ƙarshen kakar aski can kudu. Na ce ya nemi wani. Ya ce tsufa ne ko tsoro, na ce duka biyun. Na bar masa keken ya sayar, sirdin ya yi laushi yanzu, wani zai ji daɗinsa.

Kin ce ba ki san abin da zan zo in yi ba. Ni ma ban sani ba. Zan iya tsinkar tuffa a gonar Lindner in zai ɗauke ni, zan iya faskare. Na zo miki hannu kusan wofi, kaka guda ta lalace, kuma ni ne sanadin asararki. Amma tunda na koyi faɗin abu a fili, ga shi: ba don gonar na ce zan zo ba. Gonar ce kawai abin da na iya ambata a bakin kabari. Ina so ki aure ni, in kina iya haƙuri da mutum irina, ko a ɗakin bayan shagon ɗinki ne.

Zan jira amsarki a nan gidan waya na Bourke. Ba zan motsa ba sai ta zo.

Ambrose

*

Batlow, Disamba 1912

Ambrose,

Na ji daɗi ka warke. Ni lafiya lau, sai zafi da ya fara.

Takardarka na karanta ta a zaune, a gida, sau biyu, kuma ban je gidan kowa ba bayan nan.

Mista Lindner ya ce yana bukatar masu tsinkar tuffa a watan Maris, amma ya ce ka sani shi ba ya biyan mai surutu. Na ce masa ta wannan fannin ba zai sami matsala da kai ba.

Ɗaya maganar kuwa, ba zan amsa ta a takarda ba. Ni da kai mun ga abin da takarda ke iya yi. Ka zo ka faɗe ta da bakinka a ɗakin girkina, ina kallon fuskarka, in ji ko za ka iya kai ta ƙarshe ba ka koma zancen yanayi ba. Haushin nawa da saura, gara ka sani tun yanzu. Amma na fasa zuwa duba ɗakin bayan shagon, na mutum ɗaya ne.

Ka hau jirgin ƙasa zuwa Tumut. Ranar Alhamis amalanken Lindner ke sauka gari, na gaya wa ɗansa ya duba tasha duk mako har ya ga wani dogo mai furfura da ke tafiya a hankali. Hanyar hawa dutse zuwa Batlow duk gargada ce, bencin amalanken kuma katako ne, don haka na ba shi matashi ya ajiye maka.

Hester